Abin da ya ɗaure Giannis a gasar duniya ta 2019

Wani matashi mai buga ƙwallon kwando ya aiko mini da tambaya a kan musun da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a majalisarsu. A watan Yunin 2019 aka ba Giannis Antetokounmpo kyautar gwarzon ɗan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, bayan ya kammala kaka yana zuba maki 27.7 a kowane wasa. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan haka ya sa rigar Girka ya tafi gasar cin kofin duniya a ƙasar Sin, sai makinsa ya dawo 14.8, Girka kuma ta ƙare a matsayi na 11, ko zagayen 'yan takwas ba ta leƙa ba. Wani ɓangare na majalisar ya ce dama zuzuta shi ake yi, NBA wasan nishaɗi ne, da ya gamu da tsaro na gaske sai asirinsa ya tonu. Wani ɓangaren ya ce da gangan ya ƙi sakin jiki, yana tsoron rauni kada ya rasa miliyoyinsa, kuma zuciyarsa ba ta tare da Girka tunda iyayensa 'yan Najeriya ne. Na uku suka ce alƙalan wasa da kocinsa ne suka kashe shi. Wa ke da gaskiya?

Ƙanina, na daɗe ina koya wa yara wannan wasa, kuma wasanni biyar ɗin da Girka ta buga a wannan gasa na kalle su fiye da sau ɗaya, saboda darasin da ke cikinsu ya shafi aikina kai tsaye. Amsata ita ce: Giannis bai manta ƙwallo a jirgi ba, kuma bai yi ha'inci ba. Wasansa a lokacin wasa ne mai cin fili. A Milwaukee, inda yake buga NBA, an gina masa ƙungiya sukutum don ta buɗe masa filin. A ƙasar Sin doka ta rage filin, ƙungiyarsa ba ta iya buɗe abin da ya rage ba, shi kuma ba shi da wani makami na biyu da zai ɗauko. 'Yan ɓangare na uku sun fi kusa da gaskiya, amma ko su sun bar rabin zancen a hanya.

Mu fara da lissafi, domin shi ne mafi sauƙi. Wasan NBA minti 48 ne, na FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, minti 40. A kakar 2018 zuwa 2019 Giannis yana buga kusan minti 33 a kowane wasa, a ƙasar Sin kuwa kusan 25 ya buga. Da a ce ya ci gaba da zuba maki da saurin da yake yi a Amurka, minti 25 zai ba shi wajen maki 21 ne, ba 27 ba. Ka ga kusan rabin giɓin da kuke musu a kansa agogo ne ya cinye shi. Sauran rabin shi ne abin tattaunawa.

Ka tuna yadda yake cin maki a wancan lokaci. Mutum ne mai tsawon mita 2.11 da ke riƙe ƙwallo kamar ƙaramin ɗan wasa. Yakan karɓe ta tun daga nesa, ya ɗauki gudu, ya yi taku biyu masu faɗi, na farko gefe guda na biyu ɗaya gefen, sai ka gan shi a bakin kwando ya danƙara. Mafi yawan makinsa daga nan suke fitowa, ko daga jifan kyauta idan an yi masa keta. Jifan maki uku kuwa, cikin kowane huɗu ɗaya yake ci, kashi 25.6 cikin ɗari a wannan kaka. Duk wanda ya san wasan ya san wannan. Tambayar ita ce me ya sa ƙungiyoyin NBA ba su iya hana shi ba alhali sun san inda za shi.

Dalilin shi ne aikin da koci Mike Budenholzer ya yi da ya karɓi Milwaukee Bucks a 2018. Ya sa aka manna alamun murabba'i a filin atisaye, duk a wajen layin maki uku da gefen layin ƙarshe, ya ce wa 'yan wasa nan ne mazauninku idan muna kai hari, kada kowa ya shigo tsakiya ya tsaya. Suka ɗauko Brook Lopez, ƙato mai tsawon mita 2.13 wanda a al'ada ƙarƙashin kwando ne wurinsa, suka mayar da shi maharbi daga nesa, ya ci jifan maki uku sama da 180 a kaka guda. Ga Khris Middleton, ga Malcolm Brogdon, kowannensu idan ka bar shi shi kaɗai zai hukunta ka. To mai tsaron da ke gadin Lopez, wanda galibi shi ne mafi tsawo a ƙungiyar abokan hamayya, dole ya fito waje ya bi shi. Da ya fito, ƙofar gida ta zama a buɗe. Idan kuma ya koma ya tare Giannis, sai a miƙa wa Lopez ya jefa. Da wannan tsari suka ci wasa 60 cikin 82.

Akwai kuma doka guda da ke taimaka wa wannan tsari, wadda a ganina ita ce uwar zancen gaba ɗaya. Tun 2001, a NBA mai tsaro ba ya da izinin tsayawa a cikin fentin da ke gaban kwando fiye da daƙiƙa uku sai in yana gadin wani a kusa da shi, kusan tazarar miƙa hannu. In ya wuce haka, a hura usur a ba abokan hamayya jifan kyauta. Saboda haka dogon mai tsaro yana shiga yana fita ne, ƙafa ɗaya ciki ƙafa ɗaya waje, kuma wannan ɗan lokacin da ya fita shi Giannis yake jira. A dokar FIBA babu wannan ko kaɗan. Dogonka zai iya kafa sansani a gaban kwando daga farkon hari har ƙarshensa, ba wanda zai ce masa kanzil. Ƙara da cewa layin maki uku na FIBA mita 6.75 ne daga kwando, na NBA kuwa 7.24 a tsakiya. Rabin mita ke nan. A ido ƙaramin abu ne, amma ma'anarsa ita ce kowane mai tsaro da ke gadin maharbi a waje ya matso kusa da tsakiya da taku guda, yana iya miƙo hannu ya taɓa mai kutsawa sannan ya koma kan mutuminsa kafin ƙwallo ta isa. Filin ma kansa ya ɗan fi ƙanƙanta, mita 28 da 15, na NBA kuwa 28.65 da 15.24.

Wannan abu mu a nan ba baƙonmu ba ne, domin dokar FIBA muke bi tun daga gasar makarantu har zuwa ta ƙasa. Na taɓa riƙe wani yaro dogo mai ƙarfi da gudu, wanda a atisaye babu mai iya tsayawa a gabansa. Muka je gasa, kocin da muka haɗu da shi ya jera yara biyu a gaba uku a baya, suka ƙi bin kowa, suka tsare wuri kawai. Yarona ya kutsa sau uku, sau biyu aka hura masa laifin ture mai tsaro. Na waiga benci ina neman wanda zai jefa daga nesa ya tilasta musu fitowa, ban samu ko ɗaya ba. A ranar na gane cewa ni ne ban shirya ba, yaron yana nan yadda yake. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo wurina, komai tsawonsa, sai ya koyi jifa.

Kada kuma ka ɗauka sai a ƙasar Sin aka gano maganinsa. A watan Mayun 2019, a jerin wasannin ƙarshe na yankin gabas na NBA, Bucks ta ci Toronto Raptors wasa biyu na farko, sannan Toronto ta ci huɗu a jere. Koci Nick Nurse ya ɗora masa Kawhi Leonard, ya kuma jera dogaye irin su Marc Gasol da Pascal Siakam a bayansa, abin da aka riƙa kira katanga. Idan aka iya gina katanga a gasar da doka take korar mai tsaro daga fenti, ina ga inda doka ta bar shi ya zauna? Duk kocin da zai je gasar duniya ya kalli waɗannan wasanni, ya kuma san aikinsa ya fi na Nurse sauƙi.

Wasan da ya fi nuna haka shi ne na biyu a birnin Nanjing, tsakanin Girka da Birazil. A na farko sun lallasa Montenegro 85 da 60, Giannis ya ci 10 ba tare da an buƙace shi sosai ba. Da Birazil ma sun fara da kyau, har suka ba da tazarar maki 17 kafin hutun rabin lokaci. Kocin Birazil, Aleksandar Petrović, bai sa dogo ya yi gadin Giannis ba. Alex Garcia ya ɗora masa, ɗan shekara 39, wanda Giannis ya fi shi tsawo da wajen santimita 20. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin abin kunya ga Giannis, musamman da Petrović ya fito bayan wasa yana alfahari cewa ya daɗe da sanin yadda zai tsayar da shi. Amma ka duba hikimar. Gajere mai ƙarfin ƙirji yana shiga ƙarƙashinsa ne, ya hana shi ɗaukar gudu tun daga nesa, ya dame shi wajen buga ƙwallo a ƙasa. In ya wuce Garcia, Anderson Varejão da sauran dogaye suna tsaye suna jiransa a inda doka ta ba su damar tsayawa. Garcia ƙofar farko ce kawai. Giannis ya tashi da maki 13, ya kuma cika keta biyar aka fitar da shi kafin a tashi.

Ƙarshen wasan ma darasi ne a kan bambancin doka. Saura daƙiƙa biyu, Birazil na gaba da maki uku, aka yi wa Kostas Sloukas keta yana ƙoƙarin jifa daga nesa, aka ba shi jifan kyauta uku. Ya ci na farko, ya ci na biyu. Na uku ya taɓa ƙarfen kwando yana rawa a kai, sai Bruno Caboclo ya yi tsalle ya doke ƙwallon ta faɗo waje. A NBA wannan laifi ne, da an ba Girka makin an tafi ƙarin lokaci. A FIBA, da zarar ƙwallo ta taɓa ƙarfe kowa na iya taɓa ta. Aka tashi 79 da 78. Wannan maki ɗaya shi ya bi Girka har ƙarshen gasar, domin ana tafiya zagaye na biyu da sakamakon zagayen farko.

Yanzu mu zo kan ƙungiyar, inda nake ganin mutanen majalisarku ba su tsaya sun duba ba. Girka ba ƙaramar ƙasa ba ce a wannan wasa. Ta ci kofin Turai a 1987 zamanin Nikos Galis, ta sake ci a 2005. A 2006, a Saitama ta ƙasar Japan, ta doke Amurka mai LeBron James da Dwyane Wade da Carmelo Anthony da ci 101 da 95 a wasan kusa da na ƙarshe. Da me ta doke su? Da wasan natsuwa: mai rarraba ƙwallo ya riƙe ta, dogo ya zo ya yi masa shinge ya tare mai gadinsa, sannan dogon ya juya ya nufi kwando, a yi ta maimaitawa har tsaro ya tsage. Theo Papaloukas da Vassilis Spanoulis suna sarrafawa, Sofoklis Schortsanitis, wanda aka haifa a Kamaru, yana gamawa. Wannan ita ce makarantar Girka, a kanta ƙungiyoyin Panathinaikos da Olympiacos suka yi suna a Turai, kuma a cikinta aka rene kusan duk abokan wasan Giannis na 2019.

Shi kuwa ba ɗan wannan makaranta ba ne. A unguwar Sepolia ta birnin Atina ya tashi, ya buga wa ƙaramar ƙungiyar Filathlitikos a rukuni na biyu, daga nan aka ɗauke shi zuwa Milwaukee a 2013 yana ɗan shekara 18. Bai taɓa buga babbar gasar ƙungiyoyin Turai ba. A Amurka aka ƙera wasansa. Ya buga wa Girka a 2014 da 2015 da 2016, amma a lokacin yaro ne mai taimakawa. A 2017 ciwon gwiwa ya hana shi zuwa gasar Turai. Wasannin neman gurbin gasar duniya kuma, a sabon tsarin FIBA, yawancinsu suna faɗowa ne a tsakiyar kakar NBA. Saboda haka shekara uku ke nan bai buga gasa da su ba, kuma a cikin shekarun nan uku ne ya tashi daga matashi mai tasowa ya zama gwarzon NBA. Aka haɗa su na 'yan makonni aka ce su je su ci kofin duniya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fito a fili shi ne ƙungiya mai zuciya biyu. Nick Calathes, mai rarraba ƙwallonsu, gwani ne wajen miƙa ƙwallo, amma sai tana hannunsa yake da amfani, kuma ba maharbin da ake tsoro daga nesa ba ne. Idan ƙwallo na hannun Giannis, mai gadin Calathes sai ya bar shi ya koma tsakiya ya ƙara wa katanga bulo. Idan tana hannun Calathes, sai ka ga gwarzon NBA yana tsaye a gefe yana kallo, ko yana neman wuri a ƙarƙashin kwando inda dogayensu irin su Georgios Papagiannis suka riga suka tsaya da masu gadinsu. Koci Thanasis Skourtopoulos bai yanke shawara ba ko ƙungiyar Giannis ce ko kuwa tsohuwar Girka ce da aka ƙara mata Giannis. A nan nake ɗora masa laifi, kuma laifi ne babba. Wasa ɗaya da aka sake shi ya yi gudu, wato da New Zealand, wadda ita ma wasan sauri take so, ya ci 24 Girka ta yi nasara 103 da 97.

A Shenzhen suka gamu da Amurka, wadda a cikinta akwai Middleton da Lopez, mutanen da suka fi kowa sanin inda yake so da inda ba ya so. Giannis ya ci 15 ya kuma cafke ƙwallo 13 daga kwando cikin kashi uku na wasan, a kashi na huɗu koci ya zaunar da shi don ya huta wa wasan gaba. Girka gaba ɗayanta maki 53 ta ci, Amurka 69. Ka cire nasa, sauran ƙungiyar duka 38 suka haɗa a minti 40. Da irin wannan jifa babu mai tsaron da zai bar tsakiya ya fito.

Batun alƙalai ya fi ƙarfi a wasan ƙarshe, da Jamhuriyar Czech. Girka na buƙatar ta ci da tazarar maki 12 kafin ta wuce. Ta kai ga wannan tazara a kashi na huɗu, sai aka hura wa Giannis keta ta biyar, laifin ture mai tsaro, ana saura 'yan mintuna. Suka ci 84 da 77, cin da bai yi amfani ba. Girkawa sun yi ƙorafi mai zafi, ni ma a ganina hukuncin ya yi tsauri. Amma alƙalin FIBA ya saba ba mai tsaro gaskiya idan ya riga ya kafa ƙafafunsa, kuma ba ya duba sunan da ke bayan riga. Keta biyar ake fita da ita, ba shida ba kamar a NBA. Ɗan wasan da aikinsa kutsawa cikin mutane ne dole ya san cewa kowace kutsawa caca ce. Masu cewa dokar taku, wato yawan takun da aka yarda a yi da ƙwallo a hannu, ce ta dame shi kuwa sun makara, domin tun 2017 FIBA ta sassauta ta ta kusanto da ta NBA.

To shi fa, ba shi da laifi? Yana da shi, kuma ba na son a wanke shi tas. Fita da keta biyar sau biyu a wasa biyar, a wasannin da suka fi kowanne muhimmanci, ba aikin alƙali kaɗai ba ne. Sau da yawa yana ganin katanga a tsaye amma ya sunkuyar da kai ya afka mata, maimakon ya tsaya a tazarar mita huɗu ya jefa, ko ya juya wa mai tsaro baya ya karɓi ƙwallo kusa da kwando, ko ya zama shi ne mai yin shinge ya juya a miƙa masa yana cikin gudu. A 2019 waɗannan ba su nuna a hannunsa ba tukuna. Shekararsa 24. Babban ɗan wasa ne mai hanya ɗaya, kuma hanyar aka toshe.

Zancen rashin kishi shi ne wanda ya fi ɓata mini rai, don haka bari in tsaya a kansa kaɗan. Gaskiya ne iyayensa, Charles da Veronica, daga Legas suka yi hijira zuwa Girka, kuma asalin sunan gidan Adetokunbo ne. Gaskiya ne kuma ya girma ba shi da takardar zama ɗan ƙasa, sai a watan Mayun 2013 Girka ta ba shi, makonni kaɗan kafin a ɗauke shi NBA. In akwai wanda yake da hujjar juya wa ƙasar baya, shi ne. Bai yi ba. Wanda yake tsoron rauni ba ya zuwa ma. A wannan shekarar manyan taurarin Amurka ɗaya bayan ɗaya suka janye, har ƙasar ta ƙare a ta bakwai, mafi muni a tarihinta. Gwarzon NBA na shekarar kuwa ya je. Kuma mai lallaɓa jikinsa ba ya cika keta biyar yana afka wa mutane. In ma akwai abin da za a zarge shi da shi, yawan son ya yi komai da kansa ne. Irin wannan zargi an yi wa Lionel Messi shekara da shekaru, ana cewa na Barcelona ne ba na Ajantina ba, har sai da aka gina ƙungiyar da ta dace da shi ya ɗauki kofin Kudancin Amurka a 2021 da na duniya a 2022.

Masu cewa NBA wasan nishaɗi ne su ma sun ɗauki gaskiya kaɗan sun ja ta har ta tsinke. Luka Dončić, wanda ya buga duka biyun, ya taɓa faɗin cewa cin maki ya fi sauƙi a NBA, ya kuma danganta hakan da faɗin fili da dokar daƙiƙa uku. Sauƙin cin maki daban, ƙarancin gwaninta daban. Wasa biyu ne masu kama da juna da ke saka wa baiwa iri dabam-dabam. Dokar FIBA tana son mai jifa da mai sarrafa ƙwallo a ƙuntataccen wuri. Shi ya sa Patty Mills, wanda yawancin rayuwarsa a ƙungiyar San Antonio ta NBA daga benci yake tasowa, ya zuba wa Sloveniya 42 ya ciyo wa Ostareliya tagulla a gasar Olamfik ta Tokyo. Shi ya sa Dennis Schröder, da ya yi ta yawo daga ƙungiya zuwa ƙungiya a Amurka, ya zama gwarzon gasar duniya ta 2023 da Jamus. Mu ma mun ɗanɗana wannan. Ranar 10 ga Yulin 2021 a Las Vegas, D'Tigers, ƙungiyar Najeriya, ta doke Amurka mai Kevin Durant da Damian Lillard 90 da 87 a wasan sada zumunta, ta hanyar cin jifan maki uku har 20, Gabe Vincent ya ci 21. Babu mai cewa Vincent ya fi Durant. A minti 40, da layi kusa, ƙungiyar da hannunta ya yi zafi tana iya kayar da kowa. Bayan makonni kaɗan kuma muka je Tokyo muka sha kashi a wasa uku duka.

Hujja mafi ƙarfi da zan ba ka ka kai majalisa ita ce abin da ya biyo baya, domin dokokin FIBA ba su canza don Giannis ba. A 2021 ya ɗauki kofin NBA, ya ci 50 a wasan ƙarshe da Phoenix Suns. A 2022 ya dawo wa Girka ƙarƙashin koci Dimitris Itoudis, wanda ya yanke shawarar da aka kasa yankewa a 2019: ƙungiyar ta Giannis ce. Aka matsar da shi kusa da kwando, aka riƙa ba shi ƙwallo yana cikin motsi, aka sa maharba irin su Tyler Dorsey a gefensa, aka ce duk ƙwallon da aka ƙwace a ruga da ita. Ya ci wa Girka 40 a kan Sabiya a Belgrade a wasan neman gurbi, ya ci 41 a kan Yukren a gasar Turai, ya gama gasar yana kan gaba da maki 29.3 a kowane wasa, kusan ninki biyu na abin da ya yi a ƙasar Sin. Duk da haka Jamus ta fitar da su a zagayen 'yan takwas, 107 da 96. A 2024 ya kai Girka gasar Olamfik karo na farko tun 2008, ya riƙe tutar ƙasar a bikin buɗewa a Faris, ya fi kowa yawan maki a kowane wasa da kusan 26, Jamus ta sake tare su.

Ko yanzu katangar ba ta daina aiki ba idan aka samu masu gina ta da kyau kuma abokansa suka kasa jifa. A gasar Turai ta 2025 a birnin Riga, Spanoulis, wanda ya ci Amurka a 2006, shi ne kocin Girka. Ranar Juma'a 12 ga Satumba, a wasan kusa da na ƙarshe, Turkiyya ta Ergin Ataman ta ɗora masa Ercan Osmani, duk inda ya juya mutum biyu ko uku suna kansa. Ya tashi da 12, daidai abin da ya ci a kan Czech shekara shida kafin nan, aka doke Girka 94 da 68. Ranar Lahadi suka fito neman tagulla da Finland. Abokansa suka ci jifansu daga waje tun farkon wasa, masu tsaro suka fita bin su, tsakiya ta buɗe. Ya ci 30, ya cafke 17, Girka ta yi nasara 92 da 89, lambarta ta farko a babbar gasa tun 2009. Kwana biyu ne tsakanin wasannin nan. Idan kun zauna, ku nemo su ku kalla a jere, kuma duk lokacin da ƙwallo ta shiga hannunsa ku tsayar da hoton ku ƙirga masu tsaro nawa ne ƙafarsu ke cikin fenti.